Rasuwar 'Yar Ƙugu, Libarbar Mijinyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa, Malam Mijinyawa na Mainika a ƙasar Gwarzo yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda labari ya riga ya iske su ta bakin 'yan kasuwa, rasuwar abokiyar tafiyarsa, ƙaramar bindigarsa libarba wadda yake kira 'Yar Ƙugu. Ta rasu ranar Asabar, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, da la'asar sakaliya, a gindin wani suri da ke gefen hanyar da ta taso daga Gammo. Ta yi shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Shekarunta na duniya kuwa ba wanda ya sani, domin da tsufanta ta zo.

An so a buɗe takardar nan da kalmomin da ake buɗe sanarwar mutuwar Musulmi, amma liman ya ce a ji tsoron Allah, ƙarfe ne. An ji, an bari. Sannan ba Mijinyawa ne ya rubuta da hannunsa ba, saboda babban yatsansa na dama yana naɗe cikin tsumma da ganyen magani. Shi ya faɗa, maƙwabcinsa ya rubuta. Wuraren da ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kuma suna da yawa, maƙwabcin ya cike su da abin da gari duka ya riga ya sani.

Ba za a fahimci rayuwar marigayiya ba sai an san gidan da bai kamata ta shiga ba. Matar Mijinyawa, Furera, 'yar Baba Jalo ce na Gammo a ƙasar Kabo, dattijon da ya gaji da bin shanu daji-daji ya zauna ya kama noma. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Sajo. Wata rana Sajo yana kiwo ya sunkuya bayan wata sabara, wani maharbi ya ga motsi ya zaci gada ce, ya saki wuta. Tun daga ranar Baba Jalo bai ƙara kiran bindiga da sunanta ba, sai dai ya ce abin nan. Da Mijinyawa ya je neman Furera, tsohon bai tsananta masa a kan komai ba, har saniya ya haɗa wa 'yarsa da ita. Abu ɗaya ya nema, a gaban shaidu. Ya ce, "Gidan da 'yata take, kada abin nan ya kwana a cikinsa." Mijinyawa yana tsugune ya ce, "Na ɗauka, Baba."

Shekara uku ya riƙe alkawarin, kuma a yi masa adalci, bai ma san yana riƙe da wani abu ba. Sai wata kaka ya kora jakuna huɗu da gyaɗa zuwa sikeli a Gwarzo. A hanyar dawowa, da rana tsaka, mutum uku suka fito masa daga cikin wani kwari da sanduna. Suka kore jakunan, suka tuɓe masa riga da hula da wando, suka bar shi da bante. A haka ya shigo Mainika, daidai lokacin da mata suke bakin rijiya. Ba wadda ta yi dariya. Kowacce ta kau da kai ta kama gugarta, kuma ya ce da sun yi dariyar da ya fi masa sauƙi. Daga nan ko ciyawa ce ta motsa a gefen hanya sai gabansa ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba. Namiji ne, jikan makiyaya, da wane baki zai ce tsoro yake ji?

A cikin wannan hali ya haɗu da Lukuman, wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama da tari da kuma jaka guda. Daga cikin jakar marigayiya ta fito, 'yar mitsitsiya, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, baƙa, mai ciki mai juyawa. Mijinyawa ya riƙe ta ya ji gabansa ya daina faɗuwa, karo na farko cikin wata bakwai. Lukuman ya ce maraƙi yake so. Maraƙin da ke gidan kuwa ɗaya ne, ɗan saniyar da Baba Jalo ya ba Furera. Mijinyawa ya kwance shi ya kai, ya dawo da guntuwar igiyar da ya tsinka da hannunsa ya ce kura ce. Furera ta yi kuka kwana biyu. Kurayen ƙasar Gwarzo sun sha tsinuwa shekara da shekaru a kan laifin da ba su ji ba ba su gani ba, kuma wannan takarda ita ce karo na farko da aka wanke su.

Marigayiya ta kasance mai halaye na gari, kuma babbansu shi ne rufin asiri. Mazauninta tsakanin mazagin wando da fata, ƙarƙashin taguwa, ƙarƙashin babbar riga. Ta je kasuwar Gwarzo ba iyaka, ta je suna, ta je ɗaurin aure, ta bi layin sikeli tun ana loda buhu a kan jakuna har manyan motoci suka fara shigowa ɗaukar gyaɗa zuwa Kano, ba wanda ya taɓa ganin ko gefen fuskarta. Ba ta da ƙorafi. Idan zai yi salla sai ya tura ta cikin ciyawa, ta jira shi har ya shafa addu'a. Batun kwana kuwa, Mijinyawa ya gina sabon rumbu a bayan danga, ya yi mata gurbi a cikin jinkarsa. Ya zauna ya yi wa kansa fatawa cewa bayan danga ba cikin gida ba ne, saboda haka alkawari yana nan da ransa. Mai rubutun nan ya taya shi ɗora jinkar rumbun, yana ta yaba masa da hangen nesa, abin da har yau in ya tuna sai ya ji haushin kansa.

Illa ɗaya ta yi masa, ta sauya masa tafiya. Don kada ta motsa, sai ya riƙa manne gwiwar hannunsa ta dama da haƙarƙari, yana ɗan karkacewa. Gari ya yanke cewa ciwon ƙugu ne. Furera ta shiga neman magani, duk mai saiwar da ya ratso Mainika sai ta tare shi. Ta dafa masa mai ɗaci, ta dafa masa mai bauri, ta gasa masa wurin da tsumma mai zafi. Shi kuwa ya shanye tas, har da cewa, "Na ji dama-dama."

A ƙuruciyarta a hannunsa tana da murya. Can cikin daji, nesa da kunnen kowa, yakan tsaya gaban wata tsohuwar kuka ya ja kunamarta, ita kuma ta amsa da "tau" guda ɗaya, tsaf, ba kame-kame. Gaskiyar da dole a faɗa a nan, ko da ta rage wa marigayiya daraja, ita ce ba ta taɓa haɗa ido da ɗan fashi ba. Kukar nan ce kaɗai abokiyar gabarta a duniya. 'Yan fashi ba su sake tare Mijinyawa ba, shi yana ganin albarkacinta ne, liman kuwa ya ce kariyar Allah ce, tunda ɓarayin ba su san tana nan ba ballantana su ji tsoronta.

Rashin lafiyarta ya faro ne daga abinci. Da harsashi goma sha huɗu ta zo, kafin shekara biyar duk sun ƙare a jikin kuka, Lukuman kuma ya yi kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mijinyawa ya tara kwansunan a cikin gwangwanin taba, ya kai wa Nata'ala, maƙerin Kabo mai gyara wa maharba bindigogin toka, ya ce a sake ɗura su. Nata'ala ya juya kwanso ɗaya a hannu ya ce, "Malam, wannan 'yar Turawa ce. Cikinta ba zai ɗauki tuwonmu ba." Amma Mijinyawa ya nace, maƙeri kuma ba ya son a ce wani ƙarfe ya gagare shi. Suka duƙufa a bayan maƙera da dalma da albarushin maharba, ma'auninsu ido, malaminsu zato. Duk ranar kasuwa sai Mijinyawa ya saɓa fartanya ya ce zai kai gyara. Har Furera ta taɓa ce masa, "Malam, wannan fartanya taka ta fi kowa sanin hanyar Kabo."

Tun daga nan muryarta ta dushe. In an kira ta sau uku, sau ɗaya take amsawa. Wani lokaci ta ce "ƙyas" ta yi shiru, wani lokaci ta ce "fuss" ta fitar da hayaƙi mai wari. Baƙar toka ta taru a maƙogwaronta, tsatsa ta kama gaɓoɓinta, kunamar ta yi tauri. Nata'ala ya ce a nemo man keken ɗinki. Mijinyawa ya ji maganar ta raina ta. A gidan da ya tashi, duk abin da kake ƙauna kake so ya daɗe, man shanu ake shafa masa. Da shi ake shafe sandar kiwo har ta yi shekara talatin ba ta tsage ba, da shi ake shafe igiya da ƙwarya da jikin jariri. Yaya za a yi abin da yake kwana da tunaninsa ya sha man teloli? Sai ya shiga lakato man daga ƙwaryar Furera da yatsa, kyanwar gida tana shan duka. Da sanyi man ya daskare a cikinta ta ƙage, da zafi ya narke ta yi ta naso a jikin taguwa. Kiyashi suka gano gurbinta a rumbu. Duk lokacin da jikin ya ƙara tsanani sai ya ƙara mata man, domin a ganinsa bai isa ba ne.

Haka aka kai ga ƙaramar Sallar bana, wadda ta faɗo a tsakiyar bazara. Kwana uku bayan Sallar suka tashi gaisuwa zuwa Gammo, Furera a kan jaki, shi a ƙasa. Da safen ya shafe marigayiya da mai fiye da kullum, wai ita ma ta yi Sallah. Bai taɓa shiga da ita gidan surukinsa ba. Akwai wata tsamiya mai kogo a bakin gari inda yakan ce zai kewaya, ya ajiye ta, in za su koma ya ɗauka. Ran nan suka tarar da 'yan yawon Sallah sun fi ashirin a gindin tsamiyar suna shan inuwa, har suna gaishe shi da suna. Ya tsaya ya dubi kogon, ya dubi mutanen, Furera ta ce, "Malam, rana fa." Ya manne hannu da haƙarƙari ya wuce.

Baba Jalo yana zaune kan buzu a ƙofar zaure tare da dattawa biyu. Furera ta gaishe su ta shige ciki. Mijinyawa ya cire takalmi tun daga nesa, ya matso, ya tsuguna. Tafiyar rabin wuni cikin zafi ta riga ta narkar da man, mazagi kuma ya jiƙe ya saki. Gwiwarsa na lanƙwashewa ya ji ta zame, ta bi cinya, ta bi ƙafar wando, ta fito ta faɗi a bakin buzun da ɗan sauti kaɗan, "tim". Ta kwanta tana ƙyalli, tana ƙanshin man shanu.

Kowa ya san yadda suruki yake gaida suruki a wurinmu. Ba a haɗa ido. Ƙarami ya dubi ƙasa, babba ma ya dubi ƙasa, kowa yana jin nauyin ɗan uwansa. To, ƙasar da ya wajaba su duka biyun su duba, nan ta zaɓa ta kwanta. In Mijinyawa ya ɗaga kai ya yi rashin kunya. In ya miƙa hannu ya ɗauka ya amsa cewa tasa ce. Tsohon kuma kunya ta hana shi yi wa mijin 'yarsa faɗa a gaban mutane. Ba abin da ya rage sai gaisuwa.

"Barka da Sallah, Baba."

"Barka kadai. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutan Mainika?"

"Suna gaisuwa."

"Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"Dabbobi fa?"

"Da godiya."

Tsohon bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambayi liman, ya tambayi rijiya, ya tambayi irin gyaɗar da aka ajiye wa damina. Muryarsa ba ta yi rawa ba, sai dai carbin da ke hannunsa ya tsaya cak a kan ƙwaya ɗaya. A ƙarshe ya ce, "Yaya ƙugun?" Dattawan nan biyu suka sami abin kallo a saman bishiya.

Ana cikin haka Furera ta fito da ƙwaryar fura rufe da faifai. Ta durƙusa ta ajiye, hannunta bai fi taƙi ɗaya da marigayiya ba. Ta gan ta. Ta kuma ji ƙanshin manta, wanda ta kaɗa da hannunta. Mijinyawa ya ce ya jira ihu, ya jira ta zubar da furar, ya jira komai. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗage faifan daga kan ƙwaryar ta kifa shi a kan bindigar a hankali, ta gyara gefensa don kada bakin ya leƙo. Ta ce, "Ga ruwa, Baba." Ta tashi ta koma ciki, kuma ba ta sake fitowa ba.

Ba wanda ya sha furar. Can Baba Jalo ya ce, "Rana tana yi, ɗana. Ɗauki faifan da abin da ke ƙarƙashinsa. Yarinyar za ta kwana biyu a nan." Mijinyawa ya ce, "Na gode, Baba." Ya fita da baya, ya manta takalminsa, ya bar jakin a ɗaure.

A hanya kunyar ta juye masa haushi. Ya rasa mutuncinsa, mai yiwuwa ya rasa matarsa, duk a kan abar da bai taɓa ganin ranarta ba. Ya so ko sau ɗaya ta nuna masa cewa ba a banza ya yi ba. Ya tsaya gaban wani suri, ya ciro ta, cikinta cike da harsashin da shi da Nata'ala suka ɗura. Kira na farko ta ce "ƙyas". Na biyu ta ce "fuss", wani abu ya maƙale mata a wuya, kuma duk mai hankali da nan ya tsaya. Ya ja na uku. Ta ce "ɗam", da muryar da bai taɓa jin ta da ita ba, ta tsage tun daga ciki har baki. Ta tafi da fatar yatsansa da rabin gashin bakinsa. Surin ko ƙasa bai zubar ba.

Marigayiya ta bar kwansuna tara marayu a cikin gwangwani, da tsumman shafa mai, da rumbu guda a bayan danga wanda ba shi da sauran dalili. Ta bar Nata'ala, wanda ya zo gaisuwa ya ce, "Ai na faɗa," aka roƙe shi ya tafi. Ta bar kyanwa da aka zalunta. Ta kuma bar mai ita, wanda yau kwana goma sha biyu ke nan bai taka masallacin Juma'a ba, yana zaune a gidan da ba a hura wuta, kunya tana cin sa fiye da yadda yatsan yake masa zogi. Wanda yake tunanin kai takardar nan wurin 'yan doka, shi da Allah, amma ya sani abin da ya rage bai wuce ƙarfe uku da ko ƙusa ba za su yi ba.

An aika liman Gammo biko. Furera ba ta fito ba, daga bayan asabari ta ba shi saƙo. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni na wanke rigar yayana ranar da aka kawo shi, maigidana ya san haka. Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa lafiyayyen ƙugu saiwa. A tambayar mini shi, da ya ce mini tsoro yake ji, me zan yi masa in ba rufa masa asiri ba?" Liman ya kawo tambayar yadda aka ba shi. Abin da kawai Mijinyawa ya ce shi ne a sa maganar maraƙi a cikin takardar nan, a kuma karanta ta a Gammo kafin ya iso. An nuna masa cewa Furera ba ta san wannan ba, kuma zai iya rushe ɗan abin da liman ya gina. Ya ce a sa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, bisa sharaɗin da Baba Jalo ya gindaya. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Za a tashi daga Mainika da hantsi. Mijinyawa ne zai ɗauki gawar da kansa, yana tafe a ƙasa, ita a kan faifan Furera, a buɗe, ɗore bisa kansa, kuma duk wanda ya tare shi a hanya ya tambayi mene ne wannan, sai ya tsaya ya gaya masa. Za a binne ta a wajen Gammo, a wurin da Sajo ya faɗi. Shi zai haƙa ramin da hannun hagu, ba a yarda kowa ya taya shi ba. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, kuma ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar maganar gashin baki.

Bayan an rufe ramin, zai kai faifan ƙofar gidan Baba Jalo ya tsuguna da shi a hannu. Tsohon ya ce nasa ya ƙare a bakin rami, sauran na yarinyar ne. In Furera ce ta fito ta karɓi faifanta, za a kwance jakin su kama hanyar Mainika tare. In wata maƙwabciya aka turo ta karɓa, zai sa takalminsa da ya manta ya koma shi kaɗai. Ana roƙon masu rakiya su tsaya daga gindin tsamiya, kada kowa ya bi shi ƙofar gidan.